Satar Mutum Ma Hawa-Hawa Ce?

'Yar'uwa, ranar da na fara jin wai a Amurka an kasa laifin garkuwa da mutane mataki-mataki, sai da raina ya sosu. Na ce to fa! Uwar da aka ɗauke wa ɗa ina ruwanta da mataki na ɗaya ko na biyu? Ai tashin hankalin duk ɗaya ne.

Ga yadda abin yake. A can kowace jiha da dokarta. A jihar Niyok, wanda ya sace mutum ya aikata mataki na biyu. Laifin yana hawa mataki na ɗaya ne ta hanya uku: in ya yi satar don a biya shi kuɗin fansa ko don ya tilasta wa wani yin abin da yake so, in ya tsare mutumin fiye da awa 12 da niyyar ji masa ciwo, ko yi masa lalata, ko firgita shi, ko kuma in wanda aka sace ya mutu kafin ya kuɓuta. Hukuncin ba ya gaza shekara 15 a gidan yari, yana iya kaiwa ɗaurin rai-da-rai.

Amma dokar jihar Karolina ta Arewa ce ta sa na yi shiru. Su cewa suka yi, in ɓarawon ya saki mutumin a wurin da ba hatsari, bai yi masa mummunan rauni ba, bai yi masa lalata ba, laifinsa mataki na biyu ne. In ba haka ba, na ɗaya.

Ki yi tunani. Wanda aka sace shi ne ya ga fuskar ɓarawon, shi ne shaida. In hukuncin saki da na kisa ɗaya ne, me zai hana azzalumi ya kawar da shi? Ashe ba tausayin ɓarawo aka ji ba, ƙofa aka bari a buɗe don ɗan mutane ya dawo da ransa. Kuɗi kaɗai ba sa dawo da shi. A 1932 an sace jaririn matuƙin jirgin saman nan Charles Lindbergh, aka biya dala 50,000, daga baya gawarsa aka tsinta.

Duk da haka zuciyata ba ta kwanta duka ba. Yaron da ya dawo ba ko ƙwarzane amma kullum dare sai ya farka da ihu, a wane mataki za a sa ciwonsa?

Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, don haka ke nake tambaya. In ke ce uwar, wanne kika zaɓa, hukunci mafi tsanani ko sallamar ɗanki a zaure? Ni dai na zaɓi sallamar, ko da kuwa ina kuka in na ji an rage wa ɓarawon shekaru.