Ibada, garkuwar zuciya

Linjilar Matiyu, sura ta 4, ta ba da labarin yadda Iblis ya jarabci Yesu bayan azumin kwana 40 a jeji. Daga ƙarshe ya yi masa tayin mulkokin duniya, a bakin sujada guda. Yesu ya ƙi, domin Allah kaɗai ya cancanci sujada.

Ashe tushen kowace jaraba tambaya ɗaya ce: wa za ka durƙusa wa? Ibada ba ta hana jaraba zuwa, tunda bayan azumi Iblis ya zo. Aikinta shi ne tuna wa zuciya Mai ita. Malamin da aka miƙa wa kuɗi don ya ƙara wa ɗalibi maki, in ya saba durƙusa wa Allah da asuba, da wuya ya durƙusa wa jika biyar da rana.