Kulle Manhaja da Haƙƙin Amana: Iyakar 'Yancin Ma'aikaci a Gaban Rumbun Bayanai

Rumbun bayanai, wato manhajar kwamfuta da ake tara bayanai a cikinta bisa tsari domin a iya nemo su, a kwatanta su, a kuma haɗa lissafinsu, ya shiga aikin yau da kullum a ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Alƙaluman rigakafi da awon ciki da haihuwa da ake tattarawa daga asibitocin karkara suna ƙarewa ne a manhajar DHIS2, wadda aka ƙirƙira a Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe kuma Najeriya ta ɗauke ta a matsayin rumbun bayanan lafiya na ƙasa, haka nan rajistar lambar ɗan ƙasa da tantance masu zaɓe da na'urar BVAS a 2023 duk sun dogara ga irin wannan rumbu. Abin da ya haɗa waɗannan manhajoji shi ne ma'aikacin da ke zaune a gabansu ba ya ganin dukkan abin da suke iya yi, domin an taƙaita masa jerin zaɓi, wato sunayen umarnin da ke saukowa idan an danna saman allo, an kuma hana shi sauya layin kayan aiki, wato ƙananan maɓallan da ke jere don saurin bayar da umarni. Tambayar da ta cancanci nazari ita ce: da wane haƙƙi ake ɗaure hannun baligi mai hankali a cikin aikin da aka ɗauke shi don ya yi, kuma ina wannan haƙƙi ya tsaya?

Ta fuskar fasaha lamarin daɗaɗɗe ne. Manhajar Microsoft Access, wadda ta fito a 1992 kuma ta zama abin da ƙananan ofisoshi da makarantu ke gina rajistarsu a kai, ta bai wa mai tsara rumbu damar kashe cikakken jerin zaɓi, da kashe wanda ke fitowa idan an danna ɓangaren dama na linzamin kwamfuta, da hana ƙari ko ragi a layin kayan aiki. Dalilin a fili yake, tun da dannawa ɗaya a wurin da bai dace ba tana iya goge ginshiƙi guda na bayanai ko ta ɓata alaƙar da ke tsakanin teburori. A 1975 masana biyu na Amurka, Jerome Saltzer da Michael Schroeder, suka bayyana ƙa'idar da masu tsaron kwamfuta ke bi har yau, wadda ma'anarta ita ce kada a bai wa kowa iko fiye da abin da aikinsa ke buƙata. Sai dai wannan ƙa'ida tana faɗin abin da ke da amfani ne kawai, ba ta warware batun adalci tsakanin wanda ya kulle da wanda aka kulle wa ba.

A fiƙihun Malikiyya, wanda shi ne ake karantawa a zaurukan malaman wannan yanki, akwai babi biyu da ake iya ɗora irin wannan hani a kansu, kuma bambancinsu yana da nauyi. Na farko shi ne hajaru, wato hana mutum sarrafa dukiyarsa saboda ƙuruciya ko taɓin hankali ko almubazzaranci. Na biyu shi ne wakilci, inda mai abu ke ɗora wani a kan aikinsa, ya kuma gindaya masa iyakokin da bai halatta ya tsallake ba. Idan aka ɗauki kulle manhaja a matsayin hajaru, an yanke wa ma'aikaci hukuncin wauta ke nan tun bai yi laifi ba, wanda kuwa cin fuska ne ga wanda ya yi karatu ya kuma san aikinsa. Amma idan aka ɗauke shi a matsayin wakilci, sai a ga cewa bayanan ba mallakin ma'aikaci ba ne, ba kuma mallakin mai tsara manhaja ba ne, haƙƙi ne na matar da aka rubuta awon cikinta da yaron da aka rubuta rigakafinsa, waɗanda ba sa nan a lokacin da ake dannawa kuma ba za su iya kare kansu ba. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta tafi a kan wannan fahimta, domin ta ɗora wa masu riƙe da bayanai alhakin tsare su saboda masu su.

Akwai kuma hujjar daidaito. Mai auna hatsi a kasuwar Maigatari, wadda ke ci ranar Alhamis kuma take haɗa fatake daga Najeriya da Nijar, ba a barinsa ya ƙera wa kansa tiya yadda ya ga dama, ba don ana zarginsa ba, sai don ciniki ba ya yiwuwa idan ma'auni ya bambanta daga rumfa zuwa rumfa. Haka alƙaluman Gagarawa ba za su haɗu da na Sule Tankarkar su ba da ma'ana a Dutse ko Abuja ba, muddin kowane ofishi yana da ikon sauya guraben da ake cikewa.

Sai dai halaccin hani a dunƙule ba ya nufin halaccin kowane hani. Malaman Malikiyya sun shahara da ƙa'idar toshe kafa, wato hana abin da shi kansa halal ne idan yana kaiwa ga ɓarna, amma ba su bar ta ba linzami ba. Shihabuddin al-Ƙarafi, malamin Masar da ya rasu a 1285, ya kasa hanyoyin ɓarna gida uku a littafinsa al-Furuƙ: akwai wadda aka haɗu a kan toshe ta, kamar haƙa rijiya a kan hanyar da jama'a ke bi, akwai wadda aka haɗu a kan barinta, kamar noman inabi, wanda ba a hana shi don tsoron a yi giya da shi, akwai kuma wadda aka yi saɓani a kanta. Ya ƙara da cewa kamar yadda toshe hanya ke zama wajibi, haka buɗe ta ke zama wajibi idan ita ce ke kaiwa ga alheri. Wannan rabe-rabe ya dace da manhaja ƙwarai. Umarnin goge tebur, ko sauya alƙaluman watan da aka riga aka amince da su, ko kwashe sunayen marasa lafiya zuwa wata na'ura, suna cikin kashi na farko, kuma barinsu a buɗe ga kowa sakaci ne. Ƙara girman rubutu ga mai raunin gani, ko matso da maɓallin da ake dannawa a kai a kai kusa da hannu, ko sauya harshen allo, suna cikin kashi na biyu, domin ba sa taɓa haƙƙin kowa, kuma hana su ƙuntatawa ce da ba ta kare komai. Kuskuren da masu tsara manhaja suka fi faɗawa shi ne haɗa kashin biyu su kulle gaba ɗaya, saboda hakan ya fi musu sauƙi fiye da zama su tantance.

Wani abin lura shi ne ɓoye umarni daban, hana shi daban. A Access, wanda ya riƙe maɓallin Shift yayin buɗe rumbu yana iya tsallake dukkan saitin farawa ya ga abin da aka ɓoye, sai fa idan an kashe wannan hanyar ita ma. Ma'anar haka ita ce kulle na ganin ido yana takura wa mai gaskiya wanda bai san dabarar ba, ya bar mai mugun nufi da ya san ta. Tsaro na haƙiƙa yana cikin rabon izini ga kowane mai shiga da sunansa, da kuma ajiye tarihin wanda ya sauya abu da lokacin da ya sauya shi, domin wannan ne ke haɗa iko da hisabi.

Daga nan ne nauyi ke komawa kan wanda ya kulle. Shari'a ba ta ɗora wa mutum abin da ba shi da iko a kai, kuma wakili amintacce ne wanda ba ya biyan asara sai idan ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Saboda haka idan ma'aikaciyar lafiya ta karɓi yaro daga wata ruga da babu sunanta a jerin garuruwa, ko uwa da ta tsallako iyaka daga yankin Damagaram, kuma manhaja ba ta bar mata gurbin rubuta gaskiyar lamarin ba, to kuskuren da zai fito a rahoto ba nata ba ne, na wanda ya rufe gurbin ne bai tanadi hanyar gyara ba. Hani irin wannan yana koya wa mutane munanan ɗabi'u, kamar aron kalmar sirrin shugaba, ko cike gurbi da abin da ba haka ba don manhaja ta yarda a wuce, wanda ke lalata ainihin amanar da aka yi kullen dominta.

Hukuncin da ya fito daga wannan nazari shi ne taƙaita ikon ma'aikaci a rumbun bayanai halal ne, wani lokaci ma wajibi, amma da sharuɗɗa uku: ya tsaya a kan abin da ke taɓa haƙƙin masu bayanai, a sanar da ma'aikaci dalilinsa, sannan a samar da sanannen mutum da za a kai wa koke wanda kuma ke da ikon gyarawa cikin lokaci. Hukumar da ta cika waɗannan sharuɗɗa tana da damar tuhumar ma'aikacinta idan bayanai suka ɓaci, wadda kuwa ba ta cika su ba ita ce ta fi cancantar a tuhuma.