Ƙyallen da Muka Zubar, Na Wane Ne?

Duk wanda ya bi ta ƙofar shagon tela da yamma zai ga ƙyallaye an share an tara, suna jiran wuta ko kwata. Mukan ce musu shara. Amma wa ya ba mu ikon yanke wa abu wannan hukunci?

Wani zai ce, "Da kuɗina na sayi yadin, ina da ikon yin abin da na ga dama da saura." Mun yarda ya biya. Sai dai kuɗinsa bai halicci ƙasar da ta tsirar da auduga ba, balle ruwan da ya shayar da ita. Mu masu riƙon amana ne. A Bishara ta Yohanna, sura 6, bayan Ubangijinmu ya ciyar da mutum 5,000, ya umarci almajiransa su tattara gutsattsarin da suka rage, har aka cika kwando 12. Wanda yake da ikon yawaita gurasa bai yarda a yi almubazzaranci da ragowarta ba.

Kakanninmu sun san haka. Dukawa sukan ɗinka tumtum da fata, a cusa tsummoki a ciki, ya zama wurin zaman manya. A yau ma, a birnin Faris na Faransa, kamfanin FabBRICK yana dandatsa tsofaffin tufafi, ya cakuɗa da manne, ya matse su su zama tubala, a yi kujeru da tebura da su. Abin da aka raina ya sami rana.

Duk da haka, kada mu ruɗi kanmu. Kasuwar Kantamanto ta Accra, a Gana, tana karɓar dilolin gwanjo daga ƙasashen Turai da Amurka, mai yawa daga ciki kuwa ba ya sayuwa, sai ya ƙare a juji da bakin teku. Yadin roba, da ake yi daga man fetur, ba ya ruɓewa da wuri. Babu yawan kujerun da zai cinye abin da kwaɗayi ke zubarwa. Shi ya sa marigayi Paparoma Francis, cikin wasiƙarsa Laudato Si' ta 2015, ya tsawata wa al'adar amfani da abu a yar. Rigakafi ya fi magani.

Saboda haka, kafin mu yanka sabon anko don kowane biki, mu tambayi lamirinmu ko bukata ce ko gasa. Zumuntar mata da ƙungiyar matasa ta kowace ikilisiya za su iya karɓar ƙyallaye wurin teloli, su yi matasan kai da katifu domin marasa lafiya da marayu. Zuciyar da ta saba zubar da tufa mai sauran amfani, ba wuya ta zubar da tsoho ko matalauci. Allah ya koya mana tattarawa. Amin.