SAURA KO FAƘO?

Ya ɗan'uwana mai karatu, idan ka tashi daga Tawa ka nufi Afala da rani, za ka ga fili iri biyu da ba a noma ba. Ɗaya saura ce, wato gonar da mai ita ya bari ta huta. Ɗayan kuwa faƙo ne. Baƙo ba ya bambanta su, gama duka biyu babu kara a kansu. Amma bari ruwan farko ya sauka. Saura takan sha ruwa, kwana kaɗan sai ciyawa ta tsiro. Faƙo kuwa ruwa yakan bi ta kansa ya gangara kwari, ya bar shi yadda ya same shi.

Haka mutum yake. Mutum biyu suna kwance a inuwa ɗaya, kowa ya ce hutawa yake yi. Ɗaya zai tashi da sabon ƙarfi, ɗayan kuwa kullum ƙara bushewa yake yi. To, yaya za ka san ko wanne ne kai?

Hutu kyautar Allah ne

Kada kowa ya ce hutu zunubi ne. Littafin Farawa sura 2 ya nuna mana Allah da kansa ya huta a rana ta bakwai, bayan ya gama aikinsa. A Fitowa sura 23 ya umurci Isra'ilawa su noma ƙasa shekara 6, a ta bakwai su bar ta saura. Ubangiji Yesu kuma, a Markus sura 6, ya janye almajiransa gefe ɗaya domin su huta, gama jama'a ta hana su ko cin abinci. Amma ka lura, a duk wuraren nan akwai aiki a gaban hutun, akwai kuma aiki a bayansa.

Abin da ya same ni

Wata shekara ruwa ya ɗauke mana hatsi yana cikin bunni. Abin da na samu bai kai rabin rumbu ba. Bayan kaka samari suka tafi biɗa, waɗansu Abijan, waɗansu Nijeriya. Ni kuwa na shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, na ce na gaji, zan huta. Mako ya wuce, wata ya wuce. Ina sha shayi, ina gyangyaɗi, ina bin inuwa duk inda ta juya. Dangar gidana ta faɗi, na ce gobe. Ran Lahadi ina zaune a sujada kamar kututture.

Rannan matata ta dawo daga rijiya, ta sauke tulu, ta durƙusa ta ce, "Maigida, ni da na wuni ina daka da ɗiban ruwa, in na kwanta sai asuba. Kai da kake hutawa tun kaka, ina jin ka kana juyi dukan dare. Wane irin hutu ne wannan da ba ya ba da barci?" Na rasa amsa. A daren nan na gane na daɗe da gama hutawa, abin da ya rage kasala ce da baƙin ciki.

Jiki magayi

Baki yana iya ruɗin mutum, gama zuciya ta iya kawo hujja. Jiki kuwa bai iya ƙarya ba. Ga tambayoyi huɗu da za ka yi masa.

1. *Ina gajiyar take?* Gajiyar aiki tana da wurin zama. Wanda ya wuni da hauya zai nuna maka: ga ta a gadon baya, ga ta a kafaɗa. Gajiyar kasala ba ta da wuri. Nauyi ne kawai ko'ina, kamar an jiƙa bargo an lulluɓa maka.

2. *Yaya barcina?* Babban mutum yana bukatar barcin awa 7 zuwa 8. Mai hutun gaskiya yakan yi shi ya tashi garau. Wanda ya tsaya cik yakan wuni yana gyangyaɗi, dare ya yi ido ya bushe.

3. *Yaya cina?* Mai aiki yana jin yunwa, tuwo ya yi masa daɗi, ya gode wa Allah. Mai zaman banza ko dai abinci ya fita ransa, ko kuwa bakinsa ba ya rabo da goro da shayi, ba kuwa ya ƙoshi.

4. *Me ke faruwa in na motsa?* Wannan ita ce babbar alama. Tashi ka zaga gona, ko ka ɗebo ruwa. Idan gajiyar ta ƙaru, jiki na neman hutu, ka ba shi. Idan kuwa ka ji nauyin ya ragu, numfashi ya buɗe, to, ba hutu ka rasa ba, motsi ka rasa.

Likitoci ma sun gwada wannan. A shekarar 1966, a birnin Dalas na Amurka, aka kwantar da samari 5 masu lafiya a gado har mako 3. Da suka tashi, ƙarfin zuciyarsu da numfashinsu ya ragu ƙwarai. Bayan shekara 30 aka sāke auna su, aka tarar kwanciyar mako 3 ta fi tsufan shekara 30 rage musu ƙarfi. Allah ya gina jikin nan domin a yi aiki da shi.

Mutum biyu da suka kwanta

Annabi Iliya ya gudu jeji, ya kwanta a gindin itace, har ya roƙi mutuwa (1 Sarakuna 19). Allah bai tsauta masa ba. Mala'ika ya tashe shi ya ci ya sha, ya koma barci, aka sāke tashe shi ya ci. Da ƙarfin abincin nan ya yi tafiyar kwana 40. Wannan saura ce.

Sarki Dawuda kuwa, a lokacin da sarakuna ke fita yaƙi, ya aiki mutanensa, shi ya zauna a Urushalima (2 Sama'ila 11). Da maraice ya tashi daga gado yana yawo a bisa soro. Daga nan idonsa ya faɗa kan matar Uriya, ƙarshen abin har da jini. Wannan faƙo ne. Iliya ya kwanta domin ƙarfinsa ya ƙare. Dawuda ya kwanta da ƙarfinsa, sai ƙarfin ya nemi wata hanya.

Kada ka yi saurin shari'a

Wani zai ce, "Dattijo, da rani ina aikin yake?" Gaskiya ne, rashin aiki daban, ƙin aiki daban. A watan Afrilu da Mayu zafin Adar yakan wuce digiri 40, wanda ya fake da tsakar rana mai hankali ne.

Akwai kuma gajiyar da ba hutu ba motsi da ke kawar da ita. Idan mutum yana ramewa, ko tari ya wuce mako 2, ko cikin idonsa ya yi fari, ko yana yawan ƙishirwa da fitsari, ko baƙin ciki ya danne shi har ba ya son rai, kada a kira shi rago. A kai shi likita, ko nan Tawa, ko asibitin Galmi da ke aiki tun 1950.

Ka kuma dubi matarka. A gidaje da yawa maigida ya yi hutun da ya wuce kima, uwargida ba ta taɓa samun ko kaɗan ba. Gonar da ake noma kowace shekara ba taki ba hutu, ita ma faƙo take zama.

Faƙo yana da magani

Bayan farin 1984, mutanen Keita, yawancinsu mata, suka jera duwatsu suka dasa itatuwa a kan tuddan da aka fid da rai da su. A 1989 waɗansu manoman Illela suka je Yatenga a Burkina Faso, suka dawo da dabarar gyara tassa. Da rani ake haƙa ƙaramin rami, a zuba taki cikin tafin hannu. Gara ta zo cin takin, ta huda ƙasa. Ruwa ya sauka ya tsaya a ramin. Yau ana yankan hatsi a inda dā ko ciyawa ba ta fita.

Ba a fasa faƙo rana ɗaya, rami ɗaya ɗaya ake yi. Ni da danga na fara. Kai ma gobe da asuba ka zaɓi aiki ɗaya ƙarami, ka gama shi kafin rana ta yi zafi. Ka kai taki gona, ko ka karɓi igiyar guga daga hannun matarka, ko ka gai da mara lafiya. Ka yi haka kwana 6. Ran Lahadi ka ajiye kome, ka ji yadda hutun gaskiya yake a jikinka.

Addu'a

Ya Ubangiji, kai ka yi jikin nan, ka kuwa san iyakarsa. In na gaji, ka ba ni tawali'u in huta. In na zama faƙo, ka fasa ni, domin ruwanka ya shiga. Cikin sunan Yesu. Amin.