Karatun Alƙur'ani da Maganin Tsoro

Tsoro halitta ne, babu ɗan Adam ɗin da ya kuɓuta daga gare shi. Ɗalibi na tsoron faɗuwa jarrabawa, ma'aikaci na tsoron kora, mai wadata na tsoron sammu da bakin mutane. In abin ya taso, da yawanmu mukan ruga ga Alƙur'ani mai girma, mu sauke shi ko a yi mana rubutun sha. Sai dai sau tari akan shafa fatiha alhali fargaba na nan daram. To, me ya rage a karatun namu?

Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya jero ladubban karatu na zuci guda 10 cikin Ihya'u Ulumiddin. Ɗaya daga ciki shi ne mai karatu ya ɗauka da shi ake magana a kowane umurni da gargaɗi da ƙissa. Wanda ya riƙi wannan, littafin zai zame masa madubi.

Mu dubi ƙissar Annabi Musa (AS) cikin Suratu Ɗaha. Da masihirtan Fir'auna suka jefa igiyoyinsu da sandunansu, tsoro ya ɗarsu a ransa, kuma Alƙur'ani bai ɓoye hakan ba. An ambaci tsoron tukuna, sannan lallashi ya biyo. Mai karatu da lura zai tsaya nan ya tambayi kansa: ni fa, mene ne nake tsoro, kuma don me? Sau da yawa amsar kwaɗayi ce, domin abin da zuciya ta rungume shi take tsoron rasawa. Gazali da kansa ya binciki niyyarsa ta koyarwa a makarantar Nizamiyya, ya tarar son girma ne ke jan ta, ya bar Bagadaza da muƙaminsa a 1095.

Wani zai ce ai littafin cike yake da labarin wuta da hisabi, yaya zai cire tsoro? Bambancin shi ne, mai tsoron halitta gudun ta yake yi, mai tsoron Allah kuwa wurinsa yake gudu, yana mai kyautata zato. Tsoron nan guda kan ƙanƙanta sauran. Hakan kuma bai hana riƙon sababi ba, don Manzon Allah (SAW) ya ɓuya a kogon Sauru lokacin hijira, a can kuma ya kwantar wa Sayyidina Abubakar hankali.

Ba mu da hanzarin rashin Larabci, tunda ga fassarar Hausa, irin ta marigayi Shehu Abubakar Mahmud Gumi. Lada dai na ga kowane harafi, amma aya 5 da muka tsaya a kansu har suka tona mana asirin zukatanmu za su fi rage mana fargaba a kan izu 60 da harshe ya wuce, zuciya na kasuwa.