Sai Ya Ba Mu Mamaki Kafin Mu Ce Namu Ne?

Ranar 1 ga Oktoban 1960, da Najeriya ta samu 'yancin kai, Asabar ce. Ranar 3 ga Agustan shekarar, da Nijar ta samu nata, Laraba ce. Mu da muke neman abinci da rubuta manhajar kwamfuta ba sai mun tambayi dattijon da ya ga zamanin ba, layi biyu ko uku na umarni sun isa na'ura ta ba mu amsa. Sirrin ma ba mai zurfi ba ne. Kalandar Miladiyya tana maimaita kanta duk bayan shekara 400, domin kwanakin da ke ciki, 146,097, sun rabu cif zuwa mako 20,871 babu ragowa. Tsakanin 1901 da 2099 kuwa, duk shekara 28 take komawa inda ta faro.

To amma akwai mutanen da ba a taɓa koya musu wannan ba, wasunsu ko canjin mai shago ba sa iya lissafawa, amma in ka ambata musu kwanan wata, kafin ka rufe baki sun gaya maka ranar. Da yawa daga cikinsu masu lalurar otizim ne, wadda ake yawan kira galahanga a rediyo, duk da cewa kalmar takan haɗa lalurori daban-daban a tukunya ɗaya. Idan bidiyon irin wannan yaro ya shigo wayoyinmu, sai mu ce ikon Allah, mu tura wa 'yan uwa. Abin da ba mu cika tsayawa mu tambaya ba shi ne: da yaron nan bai iya komai na ban mamaki ba, da mun kalle shi kuwa?

Otizim bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa take ginuwa tun yaro yana ƙarami. Yakan bayyana a wahalar mu'amala da magana, da son maimaita abu ɗaya, da tsananin jin ƙara ko haske ko taɓi. Wani yana da digiri da iyali, wani kuma ya kai shekara ashirin bai furta kalma ba. Likita Leo Kanner ne ya bayyana shi a 1943 a birnin Baltimore na Amurka, bayan ya nazarci yara 11, kuma an kiyasta cewa a duniya kusan yaro ɗaya cikin ɗari yana da shi. Ita kuwa keɓantacciyar baiwar da ke zuwa tare da naƙasa an san ta tun kafin nan. A 1887 likitan Ingila John Langdon Down ya laƙaba wa masu ita suna da Faransanci mai ma'anar "wawa masani", sunan da aka daina amfani da rabinsa na farko saboda cin fuska ne, kuma ba gaskiya ba ne.

Misalan suna da ɗaure kai. Stephen Wiltshire, wanda aka haifa a Landan a 1974, bai yi magana sosai ba sai wajen shekara tara. A 2005 aka zaga da shi saman birnin Tokyo a jirgi mai saukar ungulu, ya sauko ya zana birnin daga ka a kan takarda mai tsawon mita goma. Daniel Tammet ya zauna a Oxford ranar 14 ga Maris 2004, ya karanto lambobi 22,514 na adadin nan na lissafin da'ira da ake kira pi, cikin awa biyar da 'yan mintoci. Masana suna danganta irin wannan da abubuwa biyu: ido ko kunnen da ke kama ƙananan bayanai waɗanda sauranmu muke tsallakewa, da kuma dubban sa'o'in da mutum yake ɓatarwa a kan abu ɗaya da yake ƙauna ba tare da gajiya ba.

Sai dai ga lissafin da bidiyo ba ya nunawa. Binciken da Bernard Rimland ya yi a 1978 a kan yara fiye da dubu biyar ya nuna kusan ɗaya cikin goma ne ke da wata baiwa irin wannan, masu kaiwa matsayin Wiltshire kuwa ƙalilan ne ƙwarai a duk duniya. Ko Kim Peek, mutumin da ya sa aka shirya fim ɗin Rain Man a 1988, fim ɗin da ya dasa wa duniya tunanin cewa duk mai otizim gwanin lissafi ne, likitoci sun gano daga baya cewa tasa lalurar daban ce. An haife shi ba shi da jijiyoyin da ke haɗa ɓarin ƙwaƙwalwa na dama da na hagu. Ashe ke nan tara cikin goma ba su da abin nuna mana. Maganarmu a kansu take.

Mun taɓa jin wata uwa tana ba da labarin abin da ya fi yi mata ciwo. Ta saba da masu cewa aljanu ne, ta saba da masu kawo mata sunan mai magani. Waɗanda ba ta san yadda za ta yi da su ba su ne masu ilimi, masu kyakkyawar niyya, da suke jin sunan lalurar sai fuskarsu ta washe su ce, "Ai irinsu akwai basira! Shi mece ce tasa baiwar?" Ɗan nata yana son jera murafan kwalba, yana tsoron ƙarar janareta, yana dariya idan an yi ruwa. Ta ce sai ta ji kamar an tambaye ta rasit, ita kuma ba ta da shi.

Tambayar tana da daɗin ji, amma akwai ciniki a cikinta: mun yarda mu ɗauke wa yaro sunan dolo, in dai zai biya mu da abin mamaki. Tarihi ya nuna mana inda wannan cinikin yake kaiwa, har sau biyu.

Na farko a jihar Georgia ta Amurka. A 1849 wata baiwa ta haifi ɗa makaho mai suna Tom Wiggins. Da aka sayar da iyayensa ga wani mai suna James Bethune, an haɗa da jaririn ne a matsayin gyara, tunda ana ganin ba shi da amfani a gona. Yana ɗan shekara huɗu zuwa biyar aka gane yana iya maimaita duk kiɗan da ya ji a kan fiyano. Nan take wanda ba a so ya zama jari. Aka yi ta yawo da shi gari-gari, a 1860 ya yi wasa a fadar shugaban Amurka, iyalin Bethune suka tara dukiya. Da aka soke bauta a 1865, Tom bai fita ba. Kotu ta bar shi a hannun iyalin a matsayin masu kula da shi, mahaifiyarsa ta yi shekaru tana shari'a, ya rasu a 1908 yana hannun surukar gidan. Masana na baya sun yi hasashen otizim gare shi. A rubutun Hausa, baiwa ta basira da baiwa ta bauta haruffansu ɗaya ne, sai a baki ake bambanta su. A rayuwar Tom ko a bakin ma ba su rabu ba. An yi masa tafi shekara hamsin, ba a taɓa tambayarsa inda yake son kwana ba.

Na biyu ya fi muni, domin daga bakin mai kare yaran ya fito. Hans Asperger likitan yara ne a birnin Vienna lokacin mulkin 'yan Nazi, gwamnatin da ke auna ran mutum da amfaninsa ga ƙasa. A rubutunsa na 1944 ya nuna cewa wasu daga cikin yaran da yake dubawa suna da kaifin basira, kuma za su iya zama ma'aikata masu amfani. An daɗe ana ganin wannan dabara ce ta ceton rai. Amma a 2018 masanin tarihi Herwig Czech ya fito da takardun da suka nuna cewa Asperger ya sa hannu aka tura wasu yara masu tsananin naƙasa zuwa asibitin Spiegelgrund, inda aka kashe yara kusan 800. Hujjar da ta kare masu basira ita ce ta bar sauran a fili. Duk wanda ya ce a bar wannan domin yana da amfani, ya riga ya amince cewa amfani ne ma'auni.

Kada mu yi saurin cewa wannan halin mutanen da ne, domin mu ma a sana'armu muna da namu kason. A 2004 wani ɗan ƙasar Denmark, Thorkil Sonne, wanda ɗansa ke da otizim, ya kafa kamfanin Specialisterne don ɗaukar masu lalurar aikin gwajin manhaja. SAP ya buɗe irin wannan shiri a 2013, Microsoft a 2015. Mun san dalilin, domin mun san aikin: a bi allo ɗaya sau ɗari ana neman inda waƙafi ya ɓace, aikin da yawancinmu muke gundura da shi kafin azahar. Waɗannan shirye-shirye alheri ne, sun ba mutanen da hirar ɗaukar aiki take kayarwa damar nuna abin da suka iya. Amma mu lura da yaren da ake tallata su da shi: riba, fifiko a kasuwa, ƙwaƙwalwa ta musamman. Mu da muka saba tambayar kowace manhaja me take iya yi, mu goge wadda ba ta da aiki, muna cikin haɗarin ɗaukar wannan tambayar mu kai ta kan mutane.

Mai musu zai ce, to laifi ne a yaba baiwa? Ko kusa. Wiltshire yana rayuwa da zanensa, yana alfahari da shi, kuma hana shi yabo zalunci ne. Zai kuma ce kamfani ba gidan sadaka ba ne, dole ya ɗauki wanda zai yi masa aiki. Wannan ma gaskiya ne. Albashi ladan aiki ne, tafi ladan gwaninta ne. Inda muke kuskure shi ne mu sa mutunci a layi ɗaya da su. Mutunci ba a biyan sa a ƙarshen wata. Jariri yana da shi kafin ya iya komai, tsohuwar da ta rikice tana da shi bayan ta manta komai. Idan muka ce sai da gwaninta, to mu ma aro muke riƙe da shi, ranar da ciwo ko tsufa ya karɓe abin da muka iya, sai mu mayar.

Akwai kuma wata illar. Yawan cewa otizim baiwa ce yana rufe bakin iyayen da suke kwana ba barci, suke biyan kuɗin makarantar da ba ta san yadda za ta koyar da ɗansu ba, suke tunanin wa zai riƙe shi bayan ransu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda aka gaya wa cewa ɗansa boyayyen gwani ne, da wane baki zai ce ya gaji, yana neman taimako?

A wajenmu gwajin yana zuwa ta wata ƙofar. Muna auna mutumin kirki da gaisuwa, da fara'a, da iya zama da jama'a, waɗannan kuwa su ne daidai inda mai otizim yake tuntuɓe. Yaron da ya sunkuyar da kai bai kalli babba ba za mu ce yana da kunya, don haka ba ma lura da wuri. Ranar da aka gaishe shi bai amsa ba, ko ya toshe kunne ya yi ihu a gidan biki, sai mu ce ba shi da tarbiyya, mu juya kan uwarsa. Daga nan sai a fara barin sa a ɗaki idan baƙi sun zo. Wanda ya haddace lambobin motocin unguwa kaf, shi za a kira ya nuna wa baƙin. Ɗakin da aka kulle da tsakar gidan da aka yi taro duk hukunci ɗaya suka yanke, cewa yaron abin kallo ne ko abin ɓoyewa.

Akwai hanya ta uku, kuma an taɓa bin ta. Yaro na farko a jerin Kanner shi ne Donald Triplett, wanda aka haifa a 1933 a ƙaramin garin Forest da ke jihar Mississippi. An kai shi gidan kula da yara yana ƙarami, bayan kamar shekara ɗaya iyayensa suka je suka ɗauko abinsu. Ya yi karatu, ya koyi tuƙi, ya yi aiki shekaru masu yawa a bankin garin, ya rasu a 2023 yana da shekara 89. Yana da saurin lissafi, amma ba a yi yawon nuna shi ba. 'Yan jaridar da suka je rubuta labarinsa sun ce mutanen garin sun ja musu kunne kada su kuskura su cutar da shi. Gaskiya ne iyayensa masu hali ne, bankin ma da hannun danginsa a ciki, kuma ba kowane yaro ne zai samu wannan ba. Amma abin da garin ya ba shi ba na kuɗi ba ne. Sun san halinsa, sun saba da shi, sun ɗauke shi nasu.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, mu da muke cewa ɗa na kowa ne, muke cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Abin da ya rage shi ne mu yi aiki da shi a kan yaron da ba zai taɓa gode mana da baki ba. Malamin Islamiyya ya bar shi ya zauna a gefen da ƙara ba ta kai masa. Mai shago ya yi haƙuri ya ƙirga masa canji. Maƙwabciya ta karɓe shi awa biyu uwarsa ta runtsa. Mu masu manhaja kuma, in mun tashi gina wani abu, mu tuna da wanda yake buƙatar allon hotuna don ya ce yana jin ƙishirwa, kamar yadda muke tunawa da wanda zai gano mana kuskure.

Idan bidiyo na gaba ya shigo, mu kalla, mu yi mamaki, babu laifi. Amma in muka haɗu da uwar nan a gidan suna, mu bar tambayar baiwa. Mu tambaye ta sunansa, da abin da yake sa shi dariya, da ranar da za mu zo mu gaishe shi, ko da ba zai amsa ba.