Dattijo a Filin Wasa: Ko Zubar da Girma Ne?

A ƙasar Batsari da Safana akwai dattawa da dama waɗanda a zamanin ƙuruciyarsu su ne gwanayen tsere da tsalle da ƙwallo a makarantunsu. Waɗansu sun zama malamai, waɗansu ma'aikatan ƙaramar hukuma, waɗansu kuwa sun koma gona. Idan tsofaffin ɗalibai suka kira taro, sukan zo da manyan riguna su zauna a rumfa, a karanta sunayensu, a tafa, a watse, yaran makaranta suna can nesa suna leƙe. Abin tambaya shi ne, shin yaran nan suna bin dattawan nan wani hakki wanda zaman rumfa ba ya biyansa? In kuwa suna bi, ashe ba zubar da girma ba ne mai furfura ya tuɓe riga ya shiga fili da sa'o'in jikokinsa?

Masu cewa zubar da girma ne ba su rasa hujja ba. Bahaushe ya gina tarbiyyarsa bisa kunya, kuma an daɗe ana faɗin cewa yawan wasa da yaro shi ke jawo raini. Har wa yau akwai wani aibi wanda ya fi raini muni, watau tsohon gwani ya zo fili ba don ya koyar ba, sai don ya tuna wa mutane ko shi wane ne. Irin wannan ba shi da zance sai na zamaninsu. Yaro ya yi gudu ya ce ba haka ake yi ba, yaro ya ci kyauta ya ce ai yanzu babu maza. Wannan alfahari ne da hassada suka sa rigar nasiha, kuma yara sun fi kowa saurin gane su.

Amma fa aibin mai shiga fili ba ya haramta filin. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren ƙafa da Nana A'isha ta tsere masa, bayan shekaru suka sake shi kuma ya tsere mata. Malaman tarihi sun kawo yadda ya ka da Rukana, ƙaƙƙarfan ɗan kokawar Ƙuraishawa. Sa'an nan gab da yaƙin Uhudu, a shekara ta 3 bayan Hijira, da aka karɓi yaro Rafi'u ɗan Khadiju saboda iya harbinsa aka mai da Samura ɗan Jundubu, sai Samura ya yi ƙorafin cewa shi yana ka da Rafi'u. Manzon Allah, yana da shekara fiye da 50, da al'amarin yaƙi a gabansa, ya tsaya ya sa suka kama kokawa, Samura ya yi kaye, aka karɓe shi. Bai ga ƙorafin yaro ya yi ƙanƙanta da a saurare shi ba.

Labarin da ya fi dacewa da tsohon gwani kuwa shi ne na taguwar nan Adba'u, wanda ke cikin Buhari. Ba a taɓa tsere mata ba, sai ran nan wani Balaraben ƙauye ya zo bisa ɗan matashin raƙumi ya wuce ta. Abin ya yi wa Sahabbai zafi ƙwarai. Mai taguwar bai nemi a sake tsere ba, bai kuma ce an yi magudi ba, sai ya sanar da su cewa babu abin da zai ɗaukaka a duniya face Allah Ya sauke shi. To, wannan shi ne abin da dattijo ke da shi wanda saurayi ba shi da shi. Yadda ake cin nasara, saurayi zai iya koya wurin ɗan'uwansa saurayi. Yadda ake shan kaye ba tare da zagi ko gaba ba, sai wurin wanda ya taɓa zama na ɗaya, ya ga an wuce shi, ya kuma miƙa hannu ga wanda ya wuce shin. Ba a koyar da wannan daga rumfa.

Ƙasar Katsina ba baƙuwa ba ce ga wannan al'ada. A Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, ɗalibai sun koyi wasan ƙwallon bango da Turawa ke kira Fives, wanda ake danganta shigo da shi Arewa ga wani malami Bature mai suna Hogben. Mutum biyu ke karawa da biyu, suna dukan ƙwallo da tafin hannu a cikin ɗaki mai bango uku. A asalin wasan babu alƙali, wanda ya yi kuskure shi ke faɗa da bakinsa. Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ya yi karatu a can daga 1926 zuwa 1931, ya gwanance a wasan, kuma bai bar shi ba har bayan da ya zama Firimiyan Jihar Arewa. Ba a ji wanda ya ce girmansa ya zube ba. Kwalejin ta tashi zuwa Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yau, amma wasan ya zauna a Katsina, domin waɗanda suka iya sun ci gaba da shiga fili da na bayansu. Haka wasan folo ya bi daga Sarki Muhammadu Dikko zuwa Sarki Usman Nagogo, daga shi zuwa 'ya'yansa.

A Batsari da Safana al'amarin ya wuce na nishaɗi. Shekaru da dama ƙasashen da ke bakin dajin Rugu sun sha wahalar 'yan bindiga, ƙauyuka sun tashi, karatu ya tsaya a wurare da yawa, balle bayan sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara cikin Disamba 2020. Saurayi mai jini a jika lalle sai ya sami wanda zai kwaikwaya, kuma ƙasar Ruma, wadda ta yi suna da jarumai irin su Ɗanwaire, ba ta taɓa raina ƙarfi ba. In yaro bai ga namijin da ake girmamawa a filin makaranta ba, zai ji labarin wanda ake tsoro a daji. Ba a cewa tsere ko kokawa za su kawar da bindiga, wannan aikin hukuma ne. Amma yaron da wani babba ya san sunansa, yake jiransa a fili kowace Alhamis bayan la'asar, yake tambaya in bai zo ba, ya fi wuyar ɓacewa ba a sani ba.

Wanda gwiwarsa ta gaza ba a ce sai ya yi gudu ba. Yana iya riƙe usur, ya ja layi da toka, ya raba gardama, ya tsayar da wasa idan aka kira salla. Kuɗin da tsofaffin ɗalibai ke kashewa a rumfa da kujerun haya na yini guda zai sayi ƙwallaye da ragar da za su kai yara har ƙarshen rani.